Yadda Aka Karɓi Yafiyar Baba Hashimu a Madina

Abin da na fara lura da shi a Madina wani mai goge-goge ne a filin jirgi. Muna kan layin buga fasfo, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman jirgi, sai ya zo yana tura tsummansa kusa da mu. Bai ɗago kai ba, bai rage sauri ba, ya dai ce ƙasa-ƙasa, "Sannunku da zuwa, mutanen gida," ya wuce. Na juya zan amsa, Umma ta taɓa hannuna ta ce in ƙyale shi, kada mai duba aikinsu ya ga yana hira. Gaisuwar farko ke nan da aka yi mini a garin Manzo, kuma a sace aka yi ta.

Tun da muka koma makaranta kuke tambayata. Hafsa ta ce ko na yi kuka a Rauda, Bilki ta ce ko da gaske ne shaguna a buɗe ake barin su a tafi salla, Rabi kuma ita dai dabinonta take nema. Kun san ni, in mutane sun zuba mini ido bakina ɗaurewa yake yi, sai in ce lafiya lau in yi shiru. Shi ya sa na zauna na rubuta muku. Amma in faɗa tun yanzu, da fushi na dawo, kuma har yau bai sauka ba.

Ba Umra kaɗai ta kai mu ba. Umma lauya ce. Ita da wasu lauyoyi suna da 'yar ƙungiya mai wani aiki da da can nake ɗauka sa ido ne kawai. Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda ake so a naɗa alƙalan kotun tarayya, sai su zauna su bi tarihin kowa, su ga irin shari'ar da ya yi a baya, wa ya tsare, wa ya saka. Hukumar da ke tantancewa takan ba jama'a ɗan lokaci, duk mai ƙorafi ya kawo. Umma ta ce wanda ya hau wannan kujera sai tsufa ke sauke shi, don haka damar magana guda ce, kuma ba ta daɗewa.

A sunayen bana akwai wanda Umma ta gani ta ajiye cokali ba ta ƙarasa cin abincinta ba. Lokacin da mai sunan yake majistare an kai masa wani tela, Malam Hashimu, wanda ya sami saɓani da mai shagon da yake haya. Mai shagon yana da mutane a sama, sai aka ɗora wa telan laifin da kotun majistare ba ta ma da ikon saurara. Maimakon ya tura maganar inda ta dace, sai ya ce a ajiye shi a gidan yari. Daga nan sai ɗage zama, sai ɗage zama. Malam Hashimu ya bar ɗansa yana rarrafe, ya fito ya tarar da shi ɗan firamare. Ba a taɓa kawo shaida ko ɗaya a kansa ba. Umma ce ta fito da shi. Ya dawo babu shago babu keken ɗinki, daga baya ya sami aikin gonar dabino a Badr, kusa da Madina.

Hukumar ba ta karɓar "an ce". Sai wanda abin ya shafa ya rantse da bakinsa, ya sa hannu a gaban jami'i. Tunda yana Saudiyya, sai dai a ofishin jakadancinmu da ke Jidda. Shirin Umma shi ne mu sauka wurin ƙaninta, Kawu Nura, a Madina, mu sami Malam Hashimu, a kai shi Jidda ya rantse kafin lokacin ya ƙare, sannan mu wuce Makka. Abba ya ce in raka ta tunda ana hutu.

Daga Kaduna zuwa Kano a mota muka tafi, ni a baya tare da kayan miyar da aka yi wa matar Kawu tsaraba, har abayata ta ɗauki ƙamshin daddawa. A Kano ma'aikacin da ke duba kaya ya buɗe robar yaji ya sa hanci, duk da Umma ta ce kada ya yi. Ya yi ta atishawa har abokin aikinsa ya zo ya karɓe shi, yana dariya yana cewa, "Hajiya, wannan ai makami ne." A jirgi na zauna kusa da wata tsohuwa 'yar Haɗeja da ta riƙe hannuna tun daga tashi har sauka, kuma duk abincin da aka kawo sai ta tambaye ni ko an yanka. A Madina kuma na'urar ɗaukar zanen yatsu ta ƙi karɓar nawa saboda lallen da Rabi ta matsa sai ta sa mini. Matar da ke wurin ta goge mini yatsu da wani ruwa mai sanyi, ta danna, ta sake dannawa, tana faɗa da Larabci, ni kuma ina jin idon duk mutanen layin a bayana. Rabi, ki sani na tuna da ke a lokacin, kuma ba da alheri ba.

Kawu Nura ne ya ɗauke mu. Shi ne ƙanin Umma, yana aikin ba da magani a wani asibiti, ya daɗe a can. Gidansu a unguwar Bani Harisa yake, a saman bene. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. Ba kukan akuya, ba mai talla, ba maƙwabciya da za ta leƙo aron ashana. Tagogi a rufe dare da rana, na'urar sanyi kawai ke gurnani. Matarsa Anti Maryam ta buɗe ƙullin daddawa ta shinshina sai hawaye, sannan ta yi sauri ta kunna turaren wuta kada maƙwabta su yi ƙorafi. 'Yarsu Jumana sa'ata ce. Duk abin da na faɗa da Hausa tana ganewa, amma da Larabci take amsawa, sai mu yi ta hira kowa da harshensa kamar masu jifan juna da ƙwallo iri biyu. Da safe burodi ne mai faɗi kamar faifai, ana dangwala shi a dafaffen wake da man zaitun, su kira shi ful. Rana ta biyu na roƙi Anti ta dama mini kunu.

Da Umma ta yi wa Kawu bayanin abin da ya kawo ta, sai ya daina tauna.

"Yaya, nan fa ba Kaduna ba ce. Nan kowa da iƙamarsa a aljihu yake kwana."

Iƙama ita ce katin izinin zama. Na lura ko shagon ƙasan bene Kawu zai sauka sai ya shafa aljihu ya ji tana nan.

"Ba gwamnatin nan muka zo yi wa magana ba, Nura. Maganar gida ce, a ofishin gida."

"To, ai shi ke nan," in ji shi, amma bai kalle ta ba.

Washegari ya kai mu Badr. Hanya ce mai kyau tsakanin baƙaƙen duwatsu, babu rami babu shinge, har barci ya ɗauke ni. Muka fara tsayawa a maƙabartar shahidai muka yi addu'a, sannan muka nufi gonar.

Malam Hashimu siriri ne, hannuwansa duk tabon ƙayar dabino. Ni Baba na kira shi. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya kawo gahawa mai ɗaci da ɗanyen dabino, amma shi bai zauna ba, ya tsuguna a gefe, gwiwoyinsa a haɗe, hannuwa a kansu. Iska ta buga ƙyauren ƙarfen gonar, sai na ga ya miƙe tsaye zumbur, sannan ya tuna, ya koma ya tsuguna yana murmushin kunya. Sau biyu aka yi haka. Ban ga alamar Kawu ya lura ba.

Can ya dubi ƙasan abayata ya girgiza kai.

"'Yata, wa ya kalmashe miki bakin rigar nan? Allah ya shirye shi, wannan ai da fushi ya yi ɗinkin."

Ya zaro allura daga cikin hularsa, da zarenta a jiki, ya gyara inda ya warware ina zaune. Dariyar farko ke nan da na ga Umma ta yi tun daga Kaduna.

Da ta gaya masa an sa sunan mutumin cikin waɗanda za a naɗa, sai ya tsaya da allura a hannu.

"Shi ɗin dai? Gaba za a ƙara masa?"

"In ba wanda ya yi magana, eh."

"Barista, ko a kan dutsen can aka ce in tsaya da tsakar rana in faɗa, zan faɗa. Ni tawa ta wuce. Amma akwai wani yaro ɗan Kafancan da na tarar a ciki, shi ma ajiyar mutumin nan ne, na fito na bar shi. Har yau in na zauna cin abinci sai ya faɗo mini."

Aka tsayar da magana. Zai nemi izini wurin mai gona ya zo Madina ranar Juma'a, ya kwana biyu a ɗakin baƙin Kawu, ranar Lahadi mu tafi Jidda, don a can Lahadi ranar aiki ce, yara ma makaranta suke zuwa. Umma ta dawo a mota tana ta magana a waya da abokan aikinta, muryarta kamar ta mai goyon sabon jariri.

Ranar Juma'a Baba Hashimu ya iso, sai Kawu ya ce an gayyace mu duka cin abinci gidan Dakta Sambo a Harra ta Yamma. Dakta babban likita ne, dattijon 'yan Nijeriyar da ke Madina. In an yi rasuwa shi ake kira, in iƙamar wani ta sami matsala shi ake kira. Shi ya yi wa Kawu hanyar aiki, kuma shi ya haɗa Baba Hashimu da mai gonar. Duk Juma'a bayan an sauko ana taruwa a gidansa, maza a ɗaki ɗaya, mata a wani.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka ɗora wani faranti da sai mutum biyu suke ɗauka, shinkafa da naman rago a kai. A gida kowa da kwanonsa, a nan kuwa matar likita da mai aikin gida hannu ɗaya suke sawa, kuma wannan ya burge ni. Ina cikin jin daɗin abin sai matar Dakta, wata Hajiya mai awarwaron zinariya da ke zamewa duk ta miƙa hannu, ta yago nama ta tura gaban Umma.

"Ci, Barista. Ke ko a garin Manzo ba kya hutawa da tone-tone?"

Umma ta ɗago. "Wane tone-tone, Hajiya?"

"Haba, kada ki mai da ni yarinya. Wanda kuke bi ɗin nan ƙanina ne, ciki ɗaya."

Anti Maryam ta sunkuyar da kai tana tsince ƙashi daga shinkafar da babu ƙashi.

"Wa ya gaya miki abin da ya kawo ni?"

"Madina ba ta ɓoye baƙo."

Wata mata daga gefe ta ce, "Abin da ke cin mu ke nan. Da ƙyar namu ya samu zai hau, sai kuma namu ne za su ja masa ƙafa."

"Wanda ya rufe ɗin ma namu ne," in ji Umma. "Yana can ɗakin maza yana cin shinkafarku."

Hajiya ta yi dariya, awarwaro ya yi ƙara. "Lauyoyi ke nan, baki kamar reza. Ci abinci, 'yar'uwa, Allah ya fi mu iya shari'a."

Bayan an gama aka ɗunguma Harami sallar La'asar. Umma ta shiga ɓangaren mata. Ni ina fashin salla, sai na zauna a harabar tare da Jumana, ƙarƙashin manyan laimomin nan, muna kallon tattabaru. Da aka idar sai Jumana ta hango babanta ta ja ni mu je ta karɓi mukullin mota. Da haka na tsaya kusa da su har na ji komai.

Dakta Sambo ne, da wasu dattawa biyu, da Kawu, sun sa Baba Hashimu a tsakiya. Dakta ya kama kafaɗunsa da hannu biyu ya juya shi har ya fuskanci koriyar ƙubba sosai, kamar yadda ake juya yaro ya kalli mai ɗaukar hoto.

"Hashimu, dubi inda kake tsaye. Mai wannan ɗakin an jefe shi har jini ya zuba a takalminsa, ya yafe. Kai wane ne, ni wane ne? Ga ɗan'uwanka a waya yana neman afuwarka."

Ya ɗaga wayar tsakaninsu. Muryar da ta fito mai kauri ce, a natse, kuma a bayanta ina jin ƙarar cokali yana juya shayi a kofi.

"Malam Hashimu, duk abin da ya faru a baya ƙaddara ce. Aiki ne, kowa yana kuskure. A yi haƙuri."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ga abin da ya yi ba. Bai tambayi yaron da aka bari yana rarrafe ba. Cokalin ma bai tsaya ba.

"Don darajar wanda ke kwance a nan, Hashimu," in ji Dakta. Dattawan biyu suka maimaita.

Baba Hashimu ya dubi ƙubbar, ya dubi Kawu. Kawu yana riƙe da gorar zamzam, yana buɗe murfin yana rufewa. Sai Baba ya sulale ya tsuguna, irin tsugunon nan nasa na gona, a kan farin dutsen Harami, mutane suna ratsa shi ta ko'ina.

"Na yafe," in ji shi.

"Duniya da lahira? Babu sauran magana a ko'ina, a gaban kowa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Babu."

"Manzon Allah ne shaida. A yi Fatiha."

Suka ɗaga hannu. Jumana ma ta ɗaga, don ba ta san kan maganar ba. Ni hannuwana suka ƙi tashi.

Umma tana fitowa na gaya mata, tana tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta ƙarasa sa takalmin, muka nufi mota.

Da safe ta sa hijabi ta zauna a bakin ƙofar ɗakin baƙi, ni ina bayanta da tiren shayi.

"Malam, yafiya haƙƙinka ce, ka ba wanda ka ga dama, Allah ya ba ka lada. Ba diyya muke nema ba, ba ɗauri muke so a yi masa ba. Tambaya ɗaya hukumar ke yi, mutumin nan ya dace a ba shi rayukan mutane ko bai dace ba. Amsar ba taka ba ce kai kaɗai. Ta waɗanda za a tsayar a gabansa gobe ce."

"Na gane, Barista. Wallahi na gane."

"To mu je wurin malami, duk wanda ka yarda da shi, ka tambaye shi ko faɗin gaskiya yana warware yafiya."

"Ko malami ya halatta mini, zuciyata ba za ta halatta ba. An ce babu sauran magana, na ce babu, ina kallon ɗakinsa. In na je Jidda na buɗe baki, da wace fuska zan dawo in yi masa sallama?"

"Yaron Kafancan fa?"

Ya rufe fuska da hularsa. Da ya sauke ta sai ya ce, a hankali har da ƙyar na ji, "Kuma Dakta ne ya samo mini gonar nan. Da ita yarana ke makaranta."

Umma ba ta ƙara matsa masa ba. Ta tashi ta sami Kawu a falo.

"Kai ka gaya musu."

"Yaya, cewa kawai na yi kin zo. Ya tambaye ni me ya kawo ki, in yi masa ƙarya? Mutumin da ya kawo ni ƙasar nan?"

"Kuma ka tsaya kana kallo."

"Sulhu aka yi. Sulhu alheri ne."

"Sulhu? Mutum huɗu a kan ɗaya, an juya masa fuska an kira masa sunan da ba zai iya tsallakewa ba? An tambaye shi me yake so? Wancan ya ma faɗi laifinsa?"

"Ke gobe za ki hau jirgi ki tafi," in ji Kawu, muryarsa ta ɗan tashi. "Mu ne a nan. Ni zan haɗu da Dakta a asibiti, ni zan haɗu da shi a masallaci, shi ke nan, ki bar ni in zauna lafiya."

"Allah ya ba ka lafiyar, Nura."

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kafin mu taso daga Kaduna, Umma ta zaga dangi neman yafiya kamar yadda mai tafiya ke yi. Da ta je wurin Goggo Asabe, Goggo ta ce ba za ta yafe ba sai ta faɗi abin da ke ranta. Ta zaunar da Umma ta wanke ta tas a kan rashin zuwa dubiyarta lokacin da take asibiti. Umma ta amsa laifinta, suka yi kuka, sannan Goggo ta ce ta yafe, ta kuma ba da saƙon gaisuwa ga Manzo. Yafiyar da na sani ke nan. Mai laifi ya zo da ƙafarsa, ya ji, ya amsa, kuma wanda aka ɓata wa yana da damar cewa tukuna. Baba Hashimu ba a bar masa tukuna ba. Sun san gidan Dakta, sun san gonar, sun san lambar wayarsa tsawon shekarun nan, ba wanda ya nemi afuwarsa sai ana saura kwana biyu ya rantse. Kuma ba su yi maganar a kan shinkafa ba, sai da suka kai shi wurin da suka san Bahaushe gara ya haɗiye harshensa da ya ce a'a. Wurin da mutane ke tara shekaru suna addu'ar Allah ya kai su, shi suka ɗauka suka toshe masa baki da shi. Ba Madina nake fushi da ita ba. Madina ma an yi mata laifi.

Da azahar Baba Hashimu ya ɗauki 'yar jakarsa zai koma Badr. Ya miƙo mini ledar dabino, ya ce wa Umma, "Barista, ki yafe ni, na ba ki wahala."

"Ba ka yi mini komai ba, Malam. Ka gaida yara in ka yi waya."

Hafsa, ga amsarki. Mun shiga Rauda a yammacin ranar, bayan na yi wankan tsarki. Turmutsutsu ne, masu tsaron mata suna ta cewa "Hajiya, zauna, Hajiya, tafi" da 'yar Hausar da suka tsinta. Ban sami wurin da goshina zai taɓa ƙasa ba balle in yi salla, sai na tsaya na isar da gaisuwar Goggo da taku. Eh, na yi kuka. Amma ba zan iya ce miki na shauƙi ne zalla ba.

Umma ta tura ƙorafin da takardun kotu kaɗai, babu rantsuwa. Muna Makka lokacin ya ƙare. Bayan mun dawo aka sanar da su cewa ba za a duba shi ba tunda wanda abin ya shafa bai yi magana ba. Kwanan baya ta nuna mini hoton mutumin a wayarta, cikin rigar alƙalai, ana yi masa murna. Fuskarsa ba ta mugunta ba ce. Kamar ta baban kowa.

Saura in gaya muku yadda muka rabu da Kawu. Tunda babu zuwa Jidda, sai ya kai mu tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Makka. Ya ɗauko mana jakunkuna, ya sayo mana ruwa, ya yi ta zirga-zirgar da ba a sa shi ba. Da aka fara kiran fasinja sai ya tsaya gaban Umma.

"Yaya, rai ba a hannunmu yake ba. A yafi juna, don darajar garin nan."

Umma ta dube shi, ta gaji ƙwarai. "Allah ya yafe mana gaba ɗaya, Nura."

Ya juyo wurina yana murmushi, ya dafa kaina kamar yadda yake yi tun ina ƙarama. "Ke fa, sarkin shiru? Kin daina kallona tun shekaranjiya. Kawunki ne fa. Ki yafe ni, kin ji, ga mu a Madina."

Ina son Kawu Nura. Shi ya fara saya mini littafin labari, kuma na san tsoron da ke aljihunsa na gaske ne. Na ji kalmar ta taho bakina da kanta, kamar yadda ta taho wa Baba Hashimu, har na buɗe baki. Na kalli takalminsa, don ba zan iya kallon fuskarsa ba.

Na ce, "Kawu, don Allah kada ka roƙe ni a nan. Ka bari sai ka zo Kaduna, ka roƙe ni a inda zan iya cewa a'a."